Yadda ɗalibi zai kafa burin motsa jiki kuma ya riƙe shi, daga Dang ta Ngaoundéré har Kongola ta Maroua

Duk shekara abu ɗaya ne. Ana komawa karatu a oktoba a jami'o'inmu na arewacin Kamaru zaka ga filin wasa ya cika da sassafe, kowa da sabon baskit, wato takalmin gudu, yana futin, wato sassarfa, wasu har da hoto a status. Ana shiga lokacin sese, wato gwaje-gwajen nan na tsakiyar sumestir, sai fili ya koma na awaki da mutum biyar ɗin nan da dama can su suke zuwa. Mutane suna cewa lalaci ne, ni dai ban yarda ba. Abin da nake gani shi ne yawancinmu muna tsara motsa jiki ne a satin da babu komai a kanmu, kuɗin da aka turo daga gida bai ƙare ba, malamai basu fara kur, wato darasi, sosai ba, sai mu ɗauka haka shekarar zata tafi. Toh ba haka take tafiya ba. Tsarin da zai rayu shi ne wanda aka yi shi da lissafin satin jarabawa, da zafin afirilu, da azumi, da ranar da aljihu ya bushe.

Mataki na farko, ka san inda kake tsaye

Kafin ka ce zaka yi kaza, ɗauki sati guda kana rubuta abin da kake yi yanzu ba tare da ka canza komai ba. Ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka tashi, me ka ci, sau nawa ka hau moto, wato babur, zuwa wurin da ƙafa zata kai ka cikin minti goma. Sannan ka auna abu huɗu. Nauyinka, akwai sikeli a asibitin cikin jami'a da wasu farmasi. Ƙugunka, da tef ɗin tela, daidai wajen cibiya, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce, ƙugu kada ya kai rabin tsayinka, in tsayinka santimita 170 ne to ƙugu ya zauna ƙasa da 85. Bugun zuciya da safe kafin ka tashi daga katifa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga na sakan 30 ka ninka biyu, na babba mai lafiya yana tsakanin 60 da 100 a minti, kuma in ka dage da motsa jiki zaka ga yana sauka a hankali. Na huɗu, pomp, wato dafa ƙasa da hannu jiki a miƙe kana sauka kana tashi, nawa kake iya yi a jere ba tsayawa, ko da uku ne rubuta uku, ba wanda zai gani.

In kana da sikila, ko asma, ko hawan jini, ko ka taɓa suma ko jin ciwon ƙirji lokacin gudu, dan Allah ka fara ganin likita tukuna. Wannan ba wurin jarumta bane.

Na biyu, buri ɗaya, mai lamba, mai rana

“Ina so in samu lafiya” addu'a ce, ameen, amma ba zaka iya aunawa ba. “Ina so in rage tumbi” shi ma bai gaya maka abin da zaka yi gobe da safe ba. Burin da nake nufi shi ne irin: kafin ƙarshen disamba zan iya gudun minti 20 ba tsayawa. Ko: daga pomp 5 zuwa 20 kafin jarabawar sumestir na farko. Ko ma: zan daina hawa moto daga minisite, gidan hayar ɗalibai, zuwa amfi, babban ɗakin lacca, kwana huɗu a sati. Ɗaya tal. Wanda ya ce zai fara gudu, ya daina sukari, ya dinga kwanciya ƙarfe goma, ya haddace kur, duk ranar litinin ɗaya, kafin alhamis ya zubar da duka.

Don ka san inda ake nufa, Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, sannan a ƙara aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a sati. Minti 150 ɗin nan in ka raba minti 30 ne sau biyar. Matsakaici kuma ba sai da agogo mai tsada zaka gane ba, in kana iya magana amma baka iya rera waƙa to kana kai, in kalma biyu-uku kawai ke fita sai ka ja numfashi, ka shiga mai ƙarfi.

Masu son rage ƙiba, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne saurin da jiki yake ɗauka lafiya. Amma gaskiya a wajenmu ɗalibai da yawa matsalarsu akasin haka ce, yaro ya zo daga gida da kumatunsa, sumestir biyu ya koma kamar sandar makiyayi saboda kunu da safe, taliya da dare. Irin wannan burinsa cin abinci ne da gina tsoka, ba gudun kilomita goma ba.

Na uku, lokaci, kuma nan ne maganar take

Kada ka ce “idan na samu lokaci”. Jadawalin fak, wato jami'a, ba ya tsayawa wuri ɗaya, delege, wakilin aji, zai turo saƙo ƙarfe tara na dare wai an dawo da kur ƙarfe bakwai na safe, ko an sa tede, darasin atisaye, ranar asabar. Abin da ba ya motsi a ranarka salla ce. Saboda haka ka ɗaure motsa jikinka a jikinta: bayan asuba, ko tsakanin la'asar da magariba. Ka riga ka tashi, ka riga ka taɓa ruwa, abin da ya rage sa takalmi ne kawai, kuma ka ajiye shi bakin ƙofa tun dare. 'Yan uwa kiristoci da muke zama tare su ma zasu iya ɗaurawa a wani abu da baya canzawa, wankan safe ko dawowa daga kur na ƙarshe.

Sai garin da kake, don ba ɗaya bane. Ngaoundéré tana kan tudu, sama da mita 1000, iskarta da sauƙi, ɗalibin Dang yana iya fita da yamma kusan duk shekara, abin da ke hana shi ruwan sama ne, damina can doguwa ce, tun wajen afirilu har oktoba, don haka dole ya kasance da tsarin cikin ɗaki na ranar ruwa. Maroua da Garoua kuwa wata duniya ce. Daga maris zuwa mayu zafi yana haura digiri 40, wanda ya fita gudu ƙarfe biyu na rana a Kongola ko Ouro-Tchédé a afirilu neman asibiti yake. A wannan lokacin asuba ce kaɗai, daga an sallame zuwa fitowar rana sosai. Daga disamba zuwa fabrairu kuma hunturu, sanyin safe yana da daɗin gudu amma ranar da ƙura ta rufe gari har baka hango duwatsun nan na bayan Maroua, ka zauna ɗaki ka yi naka a ciki, musamman mai asma ko mai mura. 'Yan uwanmu da suke karatu a Njamena lissafinsu ɗaya da na Maroua.

Wurin gudu kuma, filin ƙwallo ya fi titi. Zagaye ɗaya na cikakken fili kusan mita 350 ne, uku ya ba ka kilomita ɗaya da 'yan kai, in kuma akwai layin tsere a kewaye shi mita 400 ne. In dole sai titi, kamar babbar hanyar Garoua da ta ratsa Dang wadda manyan motoci basa yankewa, ka bi gefen hagu kana fuskantar masu tahowa, kaya masu haske, kuma banda toshe kunne biyu da waƙa. Yashin Mayo Kaliao, kogin da ya ratsa Maroua, da rani yana da kyau ga ƙafa amma yana cin ƙarfi sosai, mai farawa ya ɗan taɓa kaɗan kawai.

Na huɗu, wata biyun farko

Ga yadda zan tsara wa ƙanena da bai taɓa gudu ba. Kwana uku a sati, da hutun kwana a tsakani, misali litinin, laraba, asabar. Sati biyun farko tafiya ce kawai mai sauri, minti 30, irin tafiyar wanda ya makara kur. Na san zaka ce wannan ai wasa ne, bari dai, gwiwa da idon sawu suna buƙatar lokaci fiye da huhu. Sati na uku da na huɗu, gudu minti ɗaya tafiya minti biyu, ka maimaita sau takwas zuwa goma. Na biyar da na shida, gudu minti uku tafiya minti ɗaya ko biyu, sau shida. Na bakwai, gudu minti takwas ko goma, tafiya biyu, sau biyu ko uku. Na takwas ka gwada minti 20 a jere, a hankali, gudun da zaka iya gaisawa da mutum a ciki. In wani sati ya yi maka nauyi ka maimaita shi, babu wanda ke ba da maki. Kowane fita ka fara da tafiyar minti biyar ka rufe da ita.

Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu bayan farawa al'ada ne, yana wucewa. Ciwo mai suka a gaɓa, ko wanda ke sa ka ɗingishi, wannan tsayawa ake yi.

Ƙarfafa tsoka kuma baya buƙatar sal, wato ɗakin motsa jiki, da ake biya duk wata. Ɗakin minisite ya isa in ka naɗe katifa. Pomp, in baka iya ba ka fara da dafa bango ko tebur, sannan a gwiwa. Tsuguno da miƙewa, diddige a ƙasa, baya a miƙe. Genaj, wato ka tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe kamar katako, sakan 20 zuwa 30. Taku mai faɗi kana durƙusawa, ƙafa bayan ƙafa. Abin ɗagawa kuma yana nan kusa da ƙofarka: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, bidon mai lita 5 kilo 5, babban mai lita 20 kilo 20, jakar baya cike da littattafai ita ma tana yi. Kowane ɗaya sau 8 zuwa 12, zagaye biyu ko uku, kwana biyu a sati, minti 20 ka gama. Ranar da 12 ta zama ba wuya sai ka ƙara ruwa a bidon.

Ƙanwata, na san naki da ƙarin lissafi, idon mutane da surutun 'yan bakin titi. Wando mai faɗi da doguwar riga da hijabi mara nauyi suna yin gudu sarai, ku haɗu ku uku ko huɗu ku fita bayan gari ya ɗan yi haske, ba cikin duhu ba. In fitan ne bazai yiwu ba, igiyar tsalle a tsakar minisite minti goma tana sa zufa fiye da yadda kike zato. Kuma ɗaga bidon bazai mayar da jikinki na maza ba, wannan maganar a bar ta.

Na biyar, ciki

Ba zan ce ka sayi abin da babu kuɗinsa ba. Cikin abin da muke ci ɗin dai za'a gyara. Matsalar farantin ɗalibi guda ce: shinkafa, taliya, burodi, makala wato fanke, duk abu ɗaya suke bayarwa, ƙarfi na ɗan lokaci, mai gina jiki kaɗan ne. Don haka kowane cin abinci ka tambayi kanka ina mai gina jikin. Wake shi ne sarki a nan, ga arha ga riƙe ciki, in ka je wajen mai makala da wake ka ce ta ƙara wake ta rage makala. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6 na furotin. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, kindirmo wanda a Adamawa ba'a nemansa da nisa, busasshen kifin da ake kawowa daga Maga da Lagdo, duk suna cikin lissafi. Tsire da kilishi na ranar da aka turo kuɗi ne.

Miyar ganye kada ka raina ta, yakuwa, zogale, tafasa, lalo, kuka, su ne suke cike gurbin da taliya ta bari. Hukumar lafiyar nan ta duniya tana cewa giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma hanya mafi arha ita ce bin kaka: mangoro a lokacinsa, gwaiba, kankana, avoka da ayaba a Ngaoundéré, karas da tumatir da rani. Tuwon dawa ma ya fi farin burodi riƙe ciki nesa ba kusa ba. Ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi wake da shinkafa da mudu ranar kasuwa ku dinga girki bi da bi, ya fi kowa ya dinga sayen kwano-kwano.

Sai sukari, nan ne muke faɗuwa gaba ɗayanmu. Iyakar da aka ba babba kusan giram 50 ne a rana, wajen ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemo mai gas ta santilita 33 kaɗai tana ɗauke da wajen giram 35. Ƙara shayin dare kofi uku, ƙara kunu da madarar gwangwani, ƙara zoɓon leda. Kada ka yanke lokaci ɗaya, rage cokali ɗaya a kowane kofi na sati biyu, harshe zai saba. Gishiri kuma ƙasa da giram 5 a rana, kuma dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne, in ka sa biyu a tukunya ba sai ka ƙara wani ba. Wani abu da 'yan mata ya kamata su sani, shayi yana rage yadda jiki ke jan sinadarin ƙarfe daga abinci, mai yawan jiri da kasala bayan al'ada ta bar wajen awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, kuma ta je a duba jininta.

Ruwa: gora a jaka kullum, kuma fitsarinka ne ma'auni, in ya yi duhu kamar shayi baka sha isasshe ba. In zufa ta yi yawa ko gudawa ta kama ka, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. In abokinka ya fara ruɗewa a fili, jikinsa zafi rau, magana bata haɗuwa, inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi asibiti nan take.

Abu biyu da bana sassautawa a kansu. Tramol da ake cewa yana ba da ƙarfin karatu ko na fili, yana kama mutum ya kasa bari, kuma yana kawo farfaɗiya. Da ƙwayoyin ƙiba na kasuwa, da yawansu deksametazon ne a ciki, abin da yake yi kumbura fuska da tara ruwa, ya ja hawan jini da ciwon suga. Shayin rage tumbi ma yawanci gudawa kawai yake sa ka, ruwa ne ya fita ba kitse ba.

Na shida, barci. Awa bakwai aƙalla. Kwana a amfi ana haddar dare yana jin kamar ƙoƙari, amma ƙwaƙwalwa a cikin barci take ajiye abin da aka karanta. Nescafé da ka sha ƙarfe biyar na yamma kusan rabin ƙarfinsa yana jikinka har ƙarfe goma. Gidan sauro kuma ka ɗaure shi, zazzaɓin cizon sauro ɗaya yana cinye maka sati biyu na tsari. In zazzaɓi ya zo, gwaji tukuna kafin magani, kuma ba motsa jiki sai ya sauka sarai. Wanka a tafki ko mayo kuma ka yi hattara, tsargiya daga nan ake ɗauka.

Na bakwai, tsarin ranar wahala

Wannan ne yake raba wanda zai kai yuni da wanda zai tsaya a nuwamba. Tun yau ka rubuta ƙaramin tsari na satin sese, satin babbar jarabawa, da ratirapaj, wato sake rubuta jarabawar da aka faɗi, in ya kama: minti goma kacal. Tafiya mai sauri zuwa amfi, ko pomp goma da tsuguno ashirin kafin wanka. Bazai ƙara maka ƙarfi ba, aikinsa kawai kada igiyar ta tsinke, don wanda ya tsaya cak sati uku dawowa tana masa wuya fiye da farawa. Ka kuma sa wa kanka doka, in na fasa sau ɗaya ba komai, amma bana fasa biyu a jere.

Azumi shekarun nan yana faɗowa wajen fabrairu da maris, bakin shigowar zafi. A watan ba'a neman ƙari, riƙe abin da ake da shi ake yi. Tafiya mara nauyi minti 20 zuwa 30 dab da shan ruwa, ko aikin tsoka bayan tarawihi. Ruwa a dinga sha kaɗan-kaɗan daga magariba zuwa sahur, kuma sahur ya samu wake ko ƙwai ko kindirmo, ba shayi da burodi kaɗai ba. Hutun ƙarshen shekara kuma in ka koma gida aka ba ka fartanya, noma ya wadatar, kada ka ɗora gudu a kai.

Ka nemi abokin tafiya, mutum ɗaya da zai buga maka ƙofa. Wasu suna yin tara, wanda ya fasa ya sa dala ashirin a gwangwani, ƙarshen wata a sayi kankana a ci tare. Masu son ƙwallo ga ƙungiyoyin dozero, wato 'yan ƙwallon nishaɗi, na safiyar lahadi a kusan kowane kartiye, wato unguwa, sai dai wasa ɗaya a sati bai isa ba, kuma mai kwana shida a zaune ya zo lahadi yana ji kamar ɗan wasan Kamaru Vincent Aboubakar a filin Roumdé Adjia na Garoua shi ne yake tashi da targaɗe. Wanda abin ya shiga jininsa sosai ya nemi kocin jami'arsa, akwai wasannin jami'o'i na ƙasa da ake yi, kuma ana tace 'yan wasa ne tun kafin lokacin.

A bayan kayen kur ɗinka, wato littafin rubutu, ka ja layin kwanakin wata, duk ranar da ka yi ka sa alama. Ƙarshen wata ka sake auna abubuwa huɗun nan na farko, sikeli sau ɗaya a sati ya isa, da safe, don nauyi yana hawa da sauka da kilo guda a rana ɗaya saboda ruwa da abinci kawai. In alamomin sun kai kashi uku cikin huɗu na ranakun da ka tsara, ƙara kaɗan, minti biyar ko zagaye ɗaya. In basu kai rabi ba kada ka ƙara komai, duba wace rana ce kake yawan fasawa, sau da yawa zaka tarar rana ɗaya ce mai kur ɗin safe ko wadda ke bin daren kallon ƙwallo, sai ka matsar da ita zuwa wata ranar ka sake gwada wata guda.